Tambaya da Amsa: Rubutun Katanga da Mai Babur Zai Iya Karantawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu matasan wata unguwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Bara muka yi karo-karo aka rubuta mana saƙon tsafta a sabuwar katangar makaranta, da Faransanci da Hausa. Kafin damina ta fita fentin ya ɓare, kuma tun farko ma ba ya karantuwa daga bakin titi. Ina muka kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, samari. Mu fara da karantuwar, don ita ce ta fi ba masu fenti kunya.

Kafin a buɗe gwangwani, a auna nisan katangar daga inda jama'a ke wucewa. Lissafin masu sana'ar shi ne, kowace mita 3 ta nisa tana son harafi ya ƙaru da santimita 2 da rabi. Idan titi na nesa da mita 24, tsayin harafi kada ya gaza santimita 20, kaurin jikinsa kuma ya kai wajen santimita 4. Siririn harafi mai ado da jela yana da kyau a katin ɗaurin aure, a katanga kuwa rana ce ke haɗiye shi. Mai babur ƙyallawa ɗaya zai yi ya wuce, saboda haka kalma shida ko bakwai sun isa. Harshe biyu kuke so? Kowanne da layinsa, kada a cakuɗa.

A shafa wa igiya alli, mutum biyu su ja ta ta miƙe, a ɗan janyo tsakiyarta a sake ta, ta daki bango ta bar layin sama da na ƙasa. A zana dukan haruffan da alli tukuna, sannan a tsallaka titi a duba. Tazarar haruffa ido ke raba ta, ba abin awo ba. A kalmar TSAFTA, idan aka ba T da A na ƙarshe fili daidai da na sauran, sai ka ga A ta ware kamar an yi faɗa da ita. A matso da ita.

Sai lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, wadda masu fenti da suka saba da Faransanci kan yar. Mun fi jin zafin wannan. "Kada ku ɓata ruwa" idan ta rasa ƙugiyarta ta koma "kada ku bata ruwa", mai karatu ya tsaya yana tambayar wace baiwar Allah ce aka hana. Fulfulde ma na da ɓ da ɗ, har da ƴ da ŋ. In a kwamfuta za ku fitar da samfurin, salon rubutun kwamfuta na Andika da na Noto Sans suna da waɗannan haruffa duka, kuma kyauta ne.

Ɓarewar kuwa, kun riga kun faɗi dalili da kuka ce sabuwar katanga. Sabon yaɓen siminti na buƙatar kamar kwana 28 kafin ya karɓi fenti, kuma kanwa-kanwar da ke jikinsa tana cin fentin mai. A kankare tsohon fentin tas, a wanke ƙura, a bari ya bushe, a sa fentin ƙasa, wato na share fage, shafe ɗaya, sannan fentin ruwa na waje shafe biyu. Lita ɗaya kan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, mai kaushi ya fi sha. A ɗaga rubutun kamar mita ɗaya daga ƙasa, saboda laima da fallatsin ruwan sama.

Ja ne ke fara koɗewa a rana. Baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari ko ruwan ɗorawa sun fi daɗewa. Ku yi aikin bayan ɗaukewar damina, kafin ƙurar hunturu ta sauka, kuma da sassafe. Bangon da ya sha ranar Garwa yakan busar da fatar fenti alhali cikinsa ɗanye ne, daga nan sai kumburi.

Kada ku manta da izinin hukumar makarantar, ku kuma leƙa ofishin magajin gari ku ji ƙa'idarsu kafin ku kafa tsani.