Amsa ga ƙanena mai son mayar da jirgin rimot gilaida

Assalamu alaikum jama'ar rukuni. Ƙanena, na saurari muryarka tun da asuba, ka ce injin jirginka ya ƙone, kana so ka cire shi gaba ɗaya ka mayar da jirgin gilaida, wato mai shawagi da iska kawai. To, zai yiwu, tunda ka ce na soso ne mai dogon fiffike, kusan milimita 1400. Da irin gajeren nan ne mai gudu da na ce maka ka haƙura.

Amma ka tsaya, kada ka kama sukundireba tukuna. Ka fara ɗora jirgin a kan yatsunka biyu, ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, da batir da komai a ciki, ka nemo inda ya tsaya daidai, ka yi alama da biro. Galibi za ka same shi wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken daga gaba, ko gaba da haka kaɗan. Wannan alamar ita ce ran aikin. Injin nan da farfela su ne ke riƙe da hanci, kana cire su jela za ta rinjaya. Ni na taɓa yin gaggawar nan, wallahi ina sakinsa ya ɗaga hanci sama, ya tsaya cak, ya juyo ya daki dutse, fiffiken dama ya tsage tun daga gindi. Na ji zafin abin sosai, wata biyu na yi ina haɗa shi. Saboda haka ka tura batir can ƙuryar hanci, in bai isa ba ka samo guntun darma wajen masu gyaran taya ka liƙa, kana yi kana aunawa. In ma za a yi kuskure, gara hancin ya ɗan fi nauyi.

Yauwa, sai maganar wuta. ESC ɗin nan, wato 'yar na'urar da ke sarrafa gudun inji, ba inji kaɗai yake ciyarwa ba, shi ke rage wutar batir zuwa wajen bolt 5 ya ba risiba, mai karɓar saƙon rimot, da sarbo, masu motsa sassan fiffike da jela. Batirinka mai sel 3 bolt 11.1 ne, in ka haɗa shi kai tsaye sarbo za su ƙone. Ko dai ka bar ESC a ciki idan bai mutu tare da injin ba, ka naɗe wayoyinsa uku da ke zuwa inji kowace daban, ko ka sa UBEC, wato 'yar na'urar da aikinta rage wutar kawai. Tayoyi kuwa cire su, ka manna salatef mai kauri a cikin jirgin, a kansa zai riƙa sauka.

Wajen tashi, mu mutanen Jos Allah Ya ba mu abin da wasu ke nema da kuɗi. Ka je gefen duwatsun Shere, ka samu gangaren da iska ke bugowa kai tsaye a fuskarka. Iskar in ta daki tudu sama take yi, ita za ta riƙe maka jirgin. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai ka nemi gangaren da ke kallon can. Ka tsinki ciyawa ka watsa, za ka ga inda ta nufa. Ka harba shi a miƙe, hanci ɗan ƙasa, kada ka jefa sama. In za ka juya, ka juya ta gaban tudun, domin bayan tudu iskar a hargitse take, ƙasa take dannawa. Kuma garinmu ya haura mita 1,200 daga doron teku, iskar ba ta da kauri, jirgin zai fi gudu wajen sauka, ka ba shi fili.

Da hantsi kuma ka riƙa kallon shirwa. Duk inda ka ga tana kewayawa ba ta kaɗa fiffike, iska mai ɗumi ce ke hawa a wurin, ka kai jirginka ƙarƙashinta ka kewaya a hankali. Ranar da nawa ya fara hawa haka, shiru ba ƙarar komai, sai da tsikar jikina ta tashi.

Don Allah ban da wajen Heipang saboda filin jirgin sama, ban da kusa da barikin Rukuba. Ka turo min hoton cikin hancin kafin ka yanke wata waya, ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan zo da darma da gam, mu fara gwada shi a kan ciyawa.