Haƙarƙarin fiffike ya fito ba daidai ba: laifin zane ne ko na inji?

Ɗana, na ga haƙarƙarin fiffiken ƙaramin jirgin saman da ka bari a kan benci jiya da yamma, na kuma ji tambayarka. Ka ce zanen Clark Y ne, wato wata sananniyar siffar fiffike, a kwamfuta komai tsaf, amma da injin CNC, mai yanka da umarnin kwamfuta, ya yanko katakon balsa mara nauyi sai kowane haƙarƙari ya gaza tsawonsa, gurbin da sandar fiffike za ta zauna ya yi mata yawa tana lako-lako, ramukan rage nauyi sun fito kamar ƙwai, guda uku na ƙarshe kuma sun goce daga mazauninsu. Kana so ka share fayil ɗin ka sake zane daga farko. Kada ka taɓa shi tukuna. Cuta uku ce ka haɗa wuri ɗaya, biyu daga cikinsu ba su ma san da zaman zanenka ba.

Mafi yawan balsa daga Ikwado take fitowa, kafin ta iso hannunmu ta sha kuɗin hanya, don haka ba a binciken matsala a kanta. Ɗauko guntun filawud. Ka yanka murabba'i mai milimita 50, wani mai 100, da da'ira mai faɗin 30, sannan ka bi su da kalifa, ma'aunin kauri da faɗi, ka rubuta abin da ka samu. Idan abin da ya ɓace iri ɗaya ne a ƙarami da babba, matsalar tana wajen bakin yanka da gefen da ya bi. Idan na 50 ya ba ka 49.5, na 100 ya ba ka 99, kuskuren yana girma da tsawo, wannan lissafin takun moto ne, wato yawan takun da moton injin yake yi a kowace milimita. Idan kuwa yau ya ba ka wani abu gobe wani, to akwai abin da ya saki a jikin injin.

Naka na riga na auna. Kowane haƙarƙari ya ragu da milimita 2, gurbin sanda ya ƙaru da milimita 2, bakin da ka ɗaura kuma mai milimita 2 ne. Ka ga ai magana ta fito fili. Layin zane ba shi da kauri, baki yana da shi. Ka sa injin ya bi tsakiyar layi, sai ya cinye milimita ɗaya daga kowane gefe. Kewayen haƙarƙari a wajen layi ake binsa, ramukan ciki kuma a cikin layi. Na san za ka ce ai waje ka zaɓa manhajar ta ƙi. Ta ƙi ne domin layin bai rufe ba. Ka buɗe fayil ɗin zanen, wato DXF, ka zuƙo wutsiyar haƙarƙarin inda layin sama da na ƙasa suke haɗuwa, za ka tarar da 'yar kafa da ido ba ya gani. Layin da bai rufe ba ba shi da ciki da waje, shi ya sa manhajar ta koma tsakiya ba ta tambaye ka ba. Haɗe kafar nan shi ne duk gyaran da zanenka yake bukata.

Tunda muna wajen, bari in faɗa maka wani tarko. Bakin da ake rubuta wa 1/8 na inci milimita 3.175 ne, yara kuma sukan gaya wa manhaja 3. Bambancin 0.175 kamar ba komai ba, amma ya isa ya sa sanda ta riƙa rawa a gurbinta, fiffike ya murɗe kafin gam ya bushe. Haka katako. Abin da aka rubuta a jikinsa suna ne kawai. Itace yana kumbura da damina yana tsukewa da hunturu, sandar da ka auna a watan Agusta ba ita za ka tarar a Janairu ba. Ka auna sandar da ke hannunka ranar da za ka yi yanka, ka yi gurbin a kan wannan lambar.

Za ka kuma ga kusurwar gurbin ta fito da lanƙwasa, domin baki mai zagaye ba ya fitar da kusurwa mai kaifi daga ciki. Manhaja za ta ba ka zaɓin ɗan ƙarin huda a kowace kusurwa. A filawud, irin allon da ake ɗaure injin jirgi a kai, ina sawa. A balsa ba na so. Haƙarƙari siriri ne, daga wannan hudar tsagewa take farawa, alhali shafa biyu da sanfefa naɗe a jikin guntun sandar ta wadatar.

Sai ramukan da suka zama ƙwai. Da'ira ita ce mai tona asirin inji, domin kafin ta rufu sai kowane moto ya juya baya sau biyu. Idan akwai wasa tsakanin doguwar sanda mai zare da notinta, moto zai ɗan juya a banza kafin tebur ya motsa, kwamfuta kuwa ta riga ta ƙirga takun. Kunna injin, motocin su riƙe, ka kama teburin ka girgiza a hankali. In ka ji ƙwas-ƙwas, duba sifirin ɗin da ke tsakanin ɓangarori biyu na notin. Amma kafin nan ka duba mahaɗar da ke tsakanin moto da sanda. Ɗauki alƙalamin maka ka ja layi ɗaya ya ratsa sandar moto, mahaɗa da sanda mai zare, ka sa tebur ya je ya dawo sau goma. In layin ya rabu, ɗan sukurun nan da ake ɗaurewa da alanki ne ya saki. Ni da kaina na taɓa kwashe mako guda ina zargin fayil, na sake zane sau uku, na canza manhaja, ashe wannan ɗan sukurun ne da bai kai ƙwayar wake ba. Ka ɗaure shi a kan gefen sandar moto da aka shafe, kada a kan zagayen.

Gocewar ukun ƙarshe ita ta fi damuna. Ƙaramin inji irin 3018 ɗinmu makaho ne. Manhajar GRBL da ke cikin allonsa tana aika umarni, moto mai taku 200 a kowane zagaye yana bi, amma babu mai komawa ya ce an isa. In baki ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa moto ya tsallake taku, injin zai ci gaba da aikinsa hankali kwance, duk abin da ya biyo baya ya goce. Gwajin ba wuya: kafin ka fara, ka sauke baki ya yi ɗan ɗigo a sifili, wato inda aiki ke farawa. Bayan an gama ka aika G0 X0 Y0, umarnin komawa sifili, ka gani ko ya dawo kan ɗigon. In bai dawo ba, bi su ɗaya bayan ɗaya. Garin balsa yana cushe zaren sanda kamar tsaki. Waya tana iya maƙalewa a ƙarshen tebur. A zafin bazara 'yan direbobin A4988, na'urorin da ke kan allo masu tuƙa motocin, sukan ɗauki zafi su yanke na ɗan lokaci, shi ya sa ɓarnar ke zuwa a ƙarshen aiki, don haka ka tabbata fankarsu tana juyawa. In duk waɗannan lafiya, shiga saitin GRBL ka rage $110 da $111, wato iyakar gudu, da $120 da $121, wato saurin ɗaukar gudu, ka sake gwadawa.

Lissafin taku ba na jin shi ne matsalarka, amma ka san shi. Taku 200 sau 16, domin direba yana raba kowane taku gida 16, a raba da milimita 4 da sanda mai zare ke tura tebur a zagaye ɗaya, ya ba da 800, ita ce lambar da za ka gani a $100 da $101. In wata rana kaya suka fito rabi ko ninki biyu, nan za ka duba. In kuwa suka fito da girma na hauka, an rikita umarnin G20 na inci da G21 na milimita.

Na kuma lura ka fara yanke kewaye kafin ramukan ciki. Da zarar kewaye ya yanke, haƙarƙari ya zama ba shi da mariƙi, baki yana taɓa shi zai ja shi. Ciki ake fara yi, kewaye a ƙarshe, kuma ka bar masa 'yan gadoji uku ko huɗu da za ka datse da reza daga baya, amma ban da wutsiya inda ya fi siranta. Matsi da ƙarfe yana lotsa balsa. Manna tef ɗin fenti a allon ƙasa, wani a bayan balsar, ka ɗiga sufa gulu tsakanin tef da tef, ka danne. Gashin da ka gani a gefen yankan kuma dakushewar baki ce, wanda ka ɗaura ya riga ya sha filawud.

Gobe kafin ka kunna komai ka zo da kalifa, maka da alanki. Sabon baki yana cikin durowar hagu. Kada ka ciro shi sai da'irar nan mai 30 ta auna 30 a tsaye da kwance.