Amsa: Gyara wa mai keke abin da bai tambaya ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka yi wa wanda ka riska a hanya magana kan yadda yake tuƙa kekensa. Ni dai in abin haɗari ne ba na jira. Ka ga birkin gaba ya saki, ko bakin wandonsa na shirin shiga kaca, ko yana tafiya da magariba a hanyar Kwalkwalawa ta Sakkwato babu fitila, ka faɗa masa nan take, a taƙaice, bayan sallama.

Sauran kuwa, irin sirdi ya yi ƙasa ko giya ta yi nauyi, ka haɗiye. Gaskiya ne sirdi mai ƙasa na cin gwiwa, amma dattijon da ya ɗauro buhun albasa a tsohon kekensa ƙirar Phoenix ya fi ka sanin dalilinsa: yana son ƙafarsa ta taɓa ƙasa da wuri a cunkoson kasuwa. In matashi ne kuma kun tsaya shan ruwa a inuwa, sai ka tambaye shi, "Gwiwa ba ta damunka?" In ya ce a'a, ku koma hirar zafin Afrilu.