Bokitin ɗiba a gaban ƙaramar tarakta: fara duba ƙafar gaba kafin ka sayi ƙarfe

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da ƙaramar tarakta ta lambu, kana son mai walda ya ƙera mata hannuwa da bokiti a gaba don kwasar taki da rairayi a garkarka ta wajen Jiratawa kusa da Maraɗi, kuma kana tambaya ko famfon sitiyarin mota zai ɗaga. Ana yi, na yi wa tawa, kuma na sa hannu a ta wasu. Amma tambayar famfo ba ita ce ta farko ba. Ɗagawa ba ta da wuya. Abin da ke kashe wannan aiki shi ne taraktar kanta ta kasa ɗaukar abin da haidirolik ya ɗaga.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Jak, wato silindar haidirolik da ke ɗaga hannuwan, mai faɗin ciki milimita 50, in mai ya matsa shi da bar 100 (bar shi ne ma'aunin matsi), yana tura kusan tan 2. Guda biyu, tan 4 ke nan. Ko da tsawon hannuwa ya cinye kaso mai yawa na wannan ƙarfi, abin da ya rage a bakin bokiti ya fi ƙarfin ƙafar gaban ƙaramar tarakta nesa ba kusa ba. Jak bai san tausayi ba, zai ɗaga, sai dai wani abu ya lanƙwashe a ƙasa. An taɓa kawo mini wata da aka yi wa bokiti ƙato, mai shi yana alfahari wai yana cin baro uku. Tayoyin gaba sun buɗe ta ƙasa, sandar da taya ke juyawa a kai ta karkace, boris ya niƙe, giris ya fito baƙi da garin ƙarfe a ciki. Waldar hannuwan ko tsaga ba ta yi ba.

Saboda haka ka fara leƙa ƙarƙashinta. In shasin falle ne siriri da aka lanƙwasa, irin na masu yankan ciyawa da ake kawowa na hannu daga Turai, ka haƙura, ka sa mata ƴar tirela a baya ta fi maka amfani. In kuwa shasin mai kauri ne, gatarin gaba na zubi, tayoyin baya ana ɗaure su da noti huɗu ko biyar, to akwai magana.

Girman bokiti kuma a kan rairayi za ka auna shi, ba a kan taki ba. Busasshen takin awaki ba shi da nauyi, shi ke ruɗin mutane. Busasshen rairayi lita 100 yana kai kilo 150 zuwa 160, in ka ɗebo jiƙaƙƙe daga Gulbi bayan damina yana doshin 200. Ni a ganina bokitin lita 100 zuwa 120 ya ishi irin waɗannan taraktoci, faɗinsa ya ɗan rufe sawun tayoyi, wajen mita 1 ko da ɗan ɗori. Kuma ka matso da shi kusa da hancin tarakta iyakar yadda ba zai taɓa ba, don duk tazarar da ka ƙara gaba, ƙafar gaba ce ke biya.

Inda na fi son ka tsaya wa mai walda a kai shi ne wurin da ginshiƙan da za su riƙe hannuwan za su zauna. Da yawa sukan ɗaure su a shasi daidai gefen inji su ce an gama. Wannan kamar ka ɗora wa jaki mangala a wuya ne. A yi wani shasi na biyu a ƙarƙashi, dogayen ƙarafa biyu da za su taso daga gaba su je su kama gatarin baya, ginshiƙan su zauna a kansu, sannan tokara ta sauko daga kan kowane ginshiƙi zuwa gaba. Da noti za a ɗaure shi, kada a like shi da walda a jikin tarakta, saboda ranar da kulochi ko bel zai bukaci gyara. Hannuwan a yi su da bututu mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 100, kaurin milimita 4 ko 5. Bututun ƙofa da taga da ya cika kasuwa ba na wannan aiki ba ne, ko an shafe shi da fenti ya yi kyau. A haɗa hannuwan biyu a ɗan ɗiga musu walda, a huda su tare, in ba haka ba bokiti zai zauna a karkace har abada. Kowace mahaɗa a sa mata fil na milimita 25 da bushi da kan giris. Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ku gwada da katako da ƙusa a jikin taraktar, ku ga inda jak zai kai in ya miƙe da inda zai tsaya in ya koma. Kuma walda a yi ta lokacin da wuta ke da ƙarfi. In ta yi rauni, ƙarfe mai kauri ba ya narkewa ciki, sai dai a yi masa ado a sama.

Yanzu famfonka. Na sitiyarin mota yana ɗagawa, amma mai kaɗan yake turawa, za ka ja hannu ka zauna kana jira. In aikin na lokaci-lokaci ne, ba laifi. In kullum ne, nemi famfo mai haƙora da ke ba da lita 15 zuwa 20 a minti. Lita 15 a bar 100 yana cin wajen ƙarfin doki uku da rabi daga injinka, ka duba ko yana da rarar. Ka kula da ɓangaren da famfon ke juyawa kafin ka saya. Bawul mai hannu biyu, ɗaya na ɗagawa ɗaya na zubarwa, kuma lalle mai bawul ɗin rage matsi a ciki, a saita shi tsakanin bar 70 da 100. Shi ne ke hana hannunka karya taraktarka. Jak da bawul na hannu, wato waɗanda aka taɓa amfani da su, ana samu wajen masu kayan manyan motoci a nan gari, in ba a dace ba sai Ƙofar Ruwa a Kano. Ka shafa sandar jak da yatsa, in akwai tsatsa ko ƙarzuwa bar shi, zai cinye roba ya riƙa yoyo.

Zafinmu da ƙurarmu ma sai an yi da su. A watan Afrilu da rana ke wuce digiri 40, ƙaramin tanki yana sa mai ya tsinke, bokiti ya yi sanyin jiki. Tanki ya kai lita 15 ko fiye, man haidirolik mai lamba 68 ya fi jure bazara, a sa matata a layin dawowa, murfin kuma mai numfashi ta cikin matata saboda hunturu. Tiyo na matsi na gaske za a sa, ba bututun ruwa ba. In kana neman inda yake yoyo, kwali za ka kara, kada ka sa hannu: man da ke fita da matsi yana huda fata, kuma maganar asibiti ce ta gaggawa.

Sai nauyin baya. In bokiti ya cika, baya yana yin sakayau, taya ta riƙa juyawa a banza cikin rairayi, birki ma ya ƙi ci tunda a baya yake. Ka cika tayoyin baya da ruwa, mu nan ba ma tsoron ya daskare, sannan ka rataya akwatin kankare a bayan gatari, nauyinsa ya kusanci abin da kake ɗiba. Tafiya da kaya kuwa bokiti ƙasa-ƙasa, musamman a kan gaɓar kwalbati da bakin rijiya, kuma kada yaro ya hau ciki ko da wasa.

Turo hoton ƙafar gaban da na ƙarƙashin shasin, da lambar da ke jikin injin, sai mu ga ko za ta ɗauka kafin ka kashe ko dala.