Amsa ga Malam Sani kan iskar da ke cikin daskararriyar ƙasa

Malam Sani, ka tambaya me masana ke nema a ƙasar da ta daskare a Siberiya ta ƙasar Rasha, har suke haƙa ta kamar masu neman zinare. Mu nan Zariya ko sanyin hunturun Samaru bai taɓa daskarar da ruwan randa ba, dole abin ya zo mana da mamaki.

Ana nufin ƙasar da ta shekara biyu ko fiye a daskare ba ta narke ba. A wasu sassan Yakutiya, wani yanki na Siberiya, zurfinta ya kai kusan mita 1,500. Cikinta akwai ciyayi da gawarwakin dabbobi na dubban shekaru, sanyi ya hana su ruɓewa, kamar naman layya a firiza. In an ɗauke wuta kwana uku, ai ka san sauran. Da ƙasar ta fara narkewa, ƙwayoyin cuta kan far wa tarkacen, sai iskar methane da carbon dioxide su fito, su ƙara ɗumamar duniya. Carbon ɗin da ke kwance a can ya ninka na sararin sama kusan sau biyu.

Su masanan kan sa injin haƙa su zaro ƙanƙarar doguwa kamar rake, su narkar da ita cikin rufaffen mazubi, su auna iskar da ta maƙale a 'yan kumfofinta, su kuma ƙiyasta shekarunta. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙaton ramin da aka gano a Yamal, can arewacin Siberiya, a 2014, wanda ake ganin taruwar iskar gas ce ta fasa ƙasar daga ciki.