Tambaya da Amsa: Ma'aikatan Jinya da Mata Masu Juna Biyu a Annobar Murar 1918

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, kuma an ambata mana annobar murar da ta game duniya a 1918. Tun da a lokacin babu maganin cutar, me ma'aikatan jinya suka iya yi wa mata masu juna biyu da suka kamu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan annoba, wadda kakanninmu suka sani da sunan marisuwa, ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, kuma an ƙiyasta cewa ta hallaka aƙalla mutum miliyan 50. Masu juna biyu na cikin waɗanda suka fi shan wuya, domin idan ciki ya tsufa yakan matse huhu har numfashi ya yi gajarta, zuciya na aiki fiye da ƙima, zazzaɓi mai zafi kuma yana iya tayar da naƙuda kafin lokacinta. Wani likita a Amurka, John Harris, ya tattara bayanan mata masu ciki 1,350 da suka kamu, ya wallafa a 1919: kusan rabinsu cutar ta sauka musu a huhu, kashi 27 cikin 100 kuma suka rasu, ga yawan ɓari ko a cikin waɗanda suka tashi.

Gaskiyarki, hannun likitoci babu komai, domin sai a 1928 aka gano fenisilin, ƙwayar cutar murar kuwa sai a 1933. Saboda haka nauyin ya koma kan ma'aikatan jinya, waɗanda su ma sun yi ƙaranci, tun da dubbansu na can tare da sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A birnin New York, Lillian Wald ce ta jagoranci kwamitin gaggawa na ma'aikatan jinya, inda nas-nas na cibiyarta ta Henry Street suka riƙa bi gida-gida. A Philadelphia kuwa, bayan jerin gwanon 28 ga Satumba 1918 da ya tara mutane kusan 200,000, asibitoci suka cika maƙil cikin 'yan kwanaki, har aka nemi taimakon mata masu hidimar coci.

Ki kwatanta abin da nas ke tararwa idan ta tura ƙofa: mace da tsohon ciki kwance tana haki, mijin ma a kwance, yara ba su ci komai ba, murhu ya mutu. Sai ta ɗaura ƙyallen rufe hanci da baki, ta buɗe taga iska ta shiga, ta tokare bayan matar da matashin kai don ta samu sauƙin numfashi, ta goge mata jiki da ruwa domin zazzaɓin ya sauka, ta riƙa ba ta ruwa da romo cokali-cokali. Tana kuma lura da launin leɓɓanta, domin idan suka fara komawa shuɗi-shuɗi, huhu ya fara gazawa ke nan. Idan naƙuda ta taso babu likita babu ungozoma, ita ce za ta karɓi haihuwar, ta naɗe bakwainin da bargo, sannan ta nemo maƙwabciyar da za ta riƙe shi.

A ganina kada kowa ya raina wannan aiki don babu allura a cikinsa, domin mai fama da ciwon huhu da ba ta samu mai ba ta ruwa da mai juya ta ba, ƙishirwa da galabaita kaɗai sun isa su ƙarasa ta. Da dama daga cikin nas-nas ɗin sun kwashi cutar a bakin gadon majinyatansu, wasu kuma a kan aikin suka rasu.