Lambar yabon kaka da neman takardunsa na soja

Kana tambaya ko lambar yabon da kuka samu a akwatin kakanku a Garwa za ta iya kai ka ga takardunsa, tunda ya bi sojan Faransa lokacin kwamandansu Leclerc a yaƙin duniya na biyu, kuma bai dawo ba. Gaskiya ita kaɗai ba za ta kai ka ba, don Faransawa ba su cika rubuta sunan soja a jikin lamba ba, lambar jarumta ta Croix de guerre ma babu suna. Sai dai in akwai ɗan ƙarfe a kan ƙyallen lambar an rubuta Koufra ko Fezzan, to ka san ya yi yaƙin hamadar Libiya ke nan, Kufra kuwa a watan Maris 1941 aka ci ta. Fara da shafin intanet na Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa, kyauta ne, akwai sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin, takardun mamatan kuma suna garin Caen a Faransa, na aikin soja suna garin Pau, wasiƙa za ka rubuta musu.

Amma fa ka nemi lambarsa ta rajistar soja tukuna a littafin soja ko wata tsohuwar takarda wajen tsofaffin gida, in babu ita wallahi akwai wahala. Da na nemi na ƙanen kakana sunan ne ya ba ni ciwon kai, Usmanu sun rubuta Ousman, ranar haihuwa babu sai shekara ta kintace, garin da aka ɗauke shi kuma Fort-Lamy ne a takarda ba Njamena ba, sunan bai canja ba sai 1973. Ka gwada rubutun sunan kala-kala, har da sunan babansa.